Injin Barcina da Batirin Ladan

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha shayina cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Yako sai wani ya matso ya ce, "Malam Ado, wai da gaske ne masallaci guda ka kashe wa lasifika?" Wanda ya ji rabin labarin sai ya ƙara masa gishiri, ya kai shi Ƙafin Maiyaki, ya dawo mini da shi har in kasa gane shi. Jiya ma wani ya rantse mini an tsare ni kwana biyu a kan iyaka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya. Amma abin da aka fi sanina da shi a ƙasar Kiru ba taki ba ne, ba irin masara ba ne, minshari ne. Maƙwabcina ya taɓa tare ni da safe, da gaske yake, ya tambaye ni ko injin niƙa na saya ban faɗa masa ba. Mai ɗakina Hajara kuwa shekara talatin ta yi tana zungurina da gwiwar hannu, domin ita ba ƙarar ce take damunta ba, shirun da yake biyo baya ne. Sai in yi ta ja, in yi ta ja, can kuma numfashin ya ɗauke ɗif, sai ta zungure ni sannan ya dawo. Da rana kuma duk inda na jingina barci ya ɗauke ni: a benci, a taron manoma, sau ɗaya har a bayan ɗan acaɓa.

Abin da ya kai ni asibiti kunya ce. Shekara huɗu da suka wuce aka ɗaura auren Sani, babban ɗan yayana marigayi Haruna, a Ƙafin Maiyaki. Kun san uba ba ya karɓa wa ɗansa aure da bakinsa, ƙaninsa ake sawa a gaba, don haka ni ne wakilin ango. Liman ya yi huɗuba ta ɗan yi tsawo, ga rana, ga cunkoso. Da aka zo wurin da zan ce na karɓa, aka miƙo mini abin magana daidai bakina, sai unguwa guda ta ji minshari ta lasifika. Har yau akwai masu kwaikwayona.

Kowa ya yi dariya ranar ban da Yaya Haruna. A hanyar komawa ya ce, "Ado, wannan ba sakarci ba ne, ciwo ne. Jibi za mu Kano." Shi ya kai ni, ya zauna a waje aka maƙala mini wayoyi na kwana. Likita ya ce maƙogwarona ne yake rufewa in na yi barci, iska ta kasa wucewa, shi ya sa nake kwana ina fama in tashi a gajiye. Aka rubuta mini inji mai hura iska ta tiyo zuwa wani takunkumi da nake ɗaurawa a hanci. Tun daga nan na zama sabon mutum. Sai dai injin ƙato ne, kamar rediyo mai kaset ta da, da tankin ruwa a gefensa, kuma a jikin solar gidana yake. Shi ya warkar da ni, shi ya ɗaure ni. Shekara huɗu ban kwana ko'ina ba sai ɗakina, domin dare ɗaya in na yi ba shi, washegari tsohon Ado ne yake tashi.

Bara Allah Ya karɓi ran Yaya Haruna. Bana kuma autansa Nasiru, mai kai masara Nijar, ya samo mata a Damagaram, aka sa rana tsakiyar bazara. Na hau mota na je Doguwa wurin mahaifiyarsa, Yaya Delu, don mu tsara tafiya. Ta ba ni ruwa, ta ba ni dankali da mai da yaji, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito da abin da yake ranta.

"Ado, ka san ban raina ka ba. Amma can ƙasar mutane ce, kuma kwana biyu za a yi. Na auren Sani a gida ya faru, an yi dariya an wuce. Ko Alhaji Tanko zai tsaya maka?"

Alhaji Tanko aminin marigayi ne, mai sayar da shinkafa a Tudun Wada, mutumin kirki mai yawan surutu. Amma maganar ta soke ni sosai. Na ce, "Yaya, ina raye, ina tafiya da ƙafata, bare ya karɓi auren ɗan Yaya Haruna?"

"To in barcin ya zo fa?"

"Da injina zan tafi."

Ta dube ni ta ce, "Da solar za ka ɗora a ka?"

Na yi mata sallama na kama hanya. Daga baya na koma wurin likitana, ya ce ai akwai ƙanana da aka yi domin matafiya. Ya rubuta mini takarda mai ɗauke da ƙarfin iskar da ya dace da ni, ya ja mini kunne kada in yarda kowa ya saita mini da ka, ya kwatanta mini shagon kayan asibiti a cikin Kano. Ranar da zan je na ga Hajara ta yafa mayafi. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Malam, kai fa ba ka taɓa ganin barcinka ba. Ni ce na san shi."

Mai shagon wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mai tabarau a kan hanci. Na zaci za ta fara yabon kayanta, sai ta fara yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ina za ka? Kwana nawa? A mota ko a jirgi? Akwai wuta a can? A ɗaki za ka kwana ko a waje? Na ce haba Hajiya, ni fa baffan ango ne, ai ɗaki za a ba ni. Ta ce, "Allah Ya sa, Baba."

Ta jero mini guda uku a kan tebur. Na farko ɗan mitsitsi ne, bai fi sabulun wanki ba, nan take raina ya so shi, don har a aljihun babbar riga zai shiga. Hajiya ta ce amma komai nasa sai ta wayar hannu ake sarrafa shi. Ni kuwa wayata mai maɓalli ce, ko hoto ba ta ɗauka. Duk da haka na nace a gwada. Aka kwantar da ni a benci a tsakiyar shago, dattijo da ni, aka ɗaura mini takunkumi. Hajara ta sunkuyo ta kasa kunne, ta ce, "Wannan fito yake yi. In a cikin mutane ne gara minsharin, an saba da shi." Na biyu ɗan'uwan na gidana ne, an dai rage masa jiki, yana da tankin ruwa, ba shi da ƙara ko kaɗan. Amma sai da wutar soket, kuma ruwansa sai tacacce, in an karkata shi ya zube a jaka. Na uku tsaka-tsaki ne, kamar kwanon sha, maɓallinsa ɗaya. Ba ya buƙatar ruwa, akwai wani ɗan faifai da ake sawa a bakin tiyo yana riƙe laimar numfashin mutum don kada hanci ya bushe. Kuma yana da batir nasa daban, mai faɗin tafin hannu biyu, wanda ta ce zai kai ni dare ɗaya cikakke har da ragowa. Hajara ta saurare shi ya fi minti biyar, ta sa na juya dama, na juya hagu, ta duba ko iska na tsiyaya ta gefen hanci, sannan ta ce, "Wannan ne."

Hajiya ta saita shi da takardar likita, ta nuna mini yadda ake wanke takunkumin. Har mun miƙe sai ta ɗauko wata doguwar waya mai baki biyu masu cizo, ɗaya ja ɗaya baƙi, ta ce wannan ana maƙala ta a batirin mota ko na sola in an rasa wuta. Na ce a'a, kayan sun isa haka, ni ba makanike ba ne. Hajara ta karɓa ta biya ta jefa a jakarta. Muka yi ta musu har Kwanar Ɗangora, ni ina cewa ɓarna ce, ita tana kallon taga.

Ranar tafiya ango da abokansa da mata sun riga sun yi gaba. Mu dattawa huɗu ne: ni, da Alhaji Tanko, da wasu 'yan'uwanmu biyu daga Bebeji. Na cika batirina taf tun jajibiri, na rungume jakar injin a cinya kamar jariri. Alhaji Tanko tun daga Kano ya fara, "Malamin gona, a sa wa jaririn suna mana." A Kazaure muka karya da ƙosai, a Daura muka sha fura mai sanyi wadda har yanzu nake tunawa, ban yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. Ina kallon gonaki suna ƙara zama rairayi, ina lissafin irin geron da zai yi a wurin, don halin aiki ba ya barin mutum.

A Kongolam, bakin iyaka, motarmu ta tsaya, domin direban ba shi da takardun shiga, muka ɗauki kayanmu muka taka. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo, baƙi, mai fara'a, ya ce a buɗe jaka. Da ya ga inji da tiyo da batir ya ɗan ja baya. Na miƙa masa takardar likita da alfahari, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce da Hausarsa mai daɗi, "Baba, wannan Turancinku ne, mu namu daban. Mine ne aikinshi?" Na yi bayani bai gamsu ba. Sai na ce wa Alhaji Tanko riƙe mini batir, na ɗaura takunkumi a gaban jama'a, na danna. Mata masu tallan gyaɗa suka taru. Alhaji Tanko ya ga dama ta samu, ya ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, in babu wannan, ga abin da yake yi," ya saki wani minshari da ya sa wata akuya ta tsinke da gudu. Jami'in ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma tsohonsa haka yake yi, numfashin har ɗaukewa yake. Na cire takunkumin na ce masa da gaske ya kai shi likita, kada a tsaya wasa. Ya rubuta abin da na faɗa a bayan hannunsa, ya ce mu sauka lafiya. Tsarewar kwana biyun da ake faɗa a Yako ke nan, ba ta kai rabin awa ba.

A nan na yi kuskurena. Motar da muka samu zuwa Damagaram irin doguwar nan ce da ake cusa mutum goma, aka girmama ni aka ba ni gaba. Alhaji Tanko ya ce, "Bar batirin a wurina, ka rage nauyi a cinya." Na ga ya kyauta. Ban san cewa a gefen batirin akwai wata 'yar ƙofa da ake cajin waya da ita ba, shi kuwa idonsa ya riga ya gan ta tun a kan iyaka. Daga bayana ina ta jin ana cewa, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji," "Allah Ya ƙara arziki, Alhaji." Na ce a raina lallai Tanko goro yake rabawa. Ashe wayoyinsa biyu ya fara cikawa, sannan na 'yan Bebeji, sannan ya buɗe wa mota guda, har wani ɗan kasuwar Matamaye mai waya uku. Kun san mu, in aka ga wurin caji ba a tambayar na mene ne, kuma wanda ya samu ba ya hana na kusa da shi.

Mun shiga Damagaram gab da magariba. Gidan da za mu sauka a cikin Birni yake, tsohuwar unguwa mai lunguna ƙanana da manyan duwatsu a tsakanin gidaje, mota ba ta shiga, sai a baro aka tura kayanmu. Mai masaukinmu Elhaji Lawali ne, baffan amarya, wanda zai ba da aurenta, baduku ne mai ɗinkin jakunkunan fata, siriri mai farin gemu. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai ka zaci an gama a sake ɗaukowa daga gajiya. Bayan sallah aka kawo tuwon gero, su hatsi suke ce masa, da miyar kuka mai man shanu, da dambun zogale, da wani dogon burodi mai tauri kamar sanda wanda Alhaji Tanko ya ce a ajiye masa ya kai gida ya riƙa dogarawa. Aka kawo alkaki kuma, wanda na ci uku ina cewa na ƙoshi.

Da aka yi isha na tambayi Elhaji Lawali ɗakin da zan ajiye kaya. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗaki? Malam, a wannan zafi wa ke kwana ɗaki? Ai sai mai laifi." Ya nuna mini ƙofar gida. An share rairayi, an yayyafa ruwa, an jera tabarmi sun fi ashirin daga bakin zaurensa har jikin bangon wani ɗan masallacin unguwa. Ashe su a bazara maza duka a waje suke kwana, mai gida da baƙo da maƙwabci, kowa da matashinsa. Tawa tabarmar an sa ta a tsakiya, kusa da tasa, don girmamawa. Na tuna tambayar Hajiya mai shago, na ce lallai matar nan ta san duniya. Amma ban damu ba, ai ina da batir.

Na karɓo shi daga hannun Alhaji Tanko, na haɗa, na danna. Fitila ɗaya ja ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu.

"Tanko, me ka yi wa batirin nan?"

"Ni? Ba komai. 'Yan wayoyi ne kawai." Ya fara ƙirgawa da yatsu, da ya wuce hannu ɗaya ya shiga na biyu sai muryarsa ta yi ƙasa.

Na ɗauki wayar injin na ruga zaure neman soket. Na same shi, amma ramukansa biyu ne zagayayyu, nawa fulogin mai ƙafa uku ne masu faɗi. Elhaji Lawali ya ce wannan mai sauƙi ne, ana samun mahaɗi a kasuwa da safe, sai dai wutar ma tun la'asar aka ɗauke, kuma a irin wannan zafi ba a san dawowarta ba. Mota kuma ba ta shigowa lungun.

Na koma na zauna a bakin tabarma. Ba minsharin da zan yi a tsakiyar surukai ne ya fi damuna ba, ko da yake shi ma abin kunya ne. Gobe nake tunani. Bayan azahar za a ɗaura, cikin zafin da ya fi na Ƙafin Maiyaki, kuma na san jikina: in na kwana ba inji, ko tsaye aka sa ni sai na yi barci. Maganar Yaya Delu ta dawo mini. Har na fara shirya yadda zan ce wa Tanko ya tsaya mini, shi da ya jawo abin, sai na ji hawaye na neman zubo mini.

Elhaji Lawali ya ga yanayina ya tambaya. Na ga ɓoyewa ba ta da amfani, na faɗa masa komai, har da lasifikar auren Sani. Bai yi dariya ba. Wani tsoho da yake zaune a gefe yana jan carbi, wanda aka ce mini shi ne ladanin masallacin, Malam Ibro, ya ce, "Injin nan naka, ba ya shan batirin sola? Muna da guda a masallaci, na lasifika."

Na ce yana sha, amma sai da wata waya mai baki biyu, kuma na ƙi ta, tana can gida wurin mai ɗakina. Ina faɗa ina zazzage jakar don in nuna musu babu, sai ga ta ta faɗo daga cikin hular sanyi da Hajara ta cusa a ƙasa. Hular sanyi a bazara! Na ɗaga wayar nan na nuna musu.

Na ce wa Malam Ibro, "To in na shanye batirin fa, da me za ka kira asuba?"

Ya ce, "Shekara talatin ina kira da maƙogwarona kafin a kawo wannan abu. Kai naka maƙogwaron ne ba ya aiki, nawa lafiya lau."

Aka ja tabarmata zuwa gindin tagar masallaci. Malam Ibro ya shiga da tocila, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ya zuro mini wayar ta taga. Na danna, iska ta taso a hankali. Mutum ashirin suka kewaye ni suna kallo, wani ya ce kamar matuƙin jirgin sama. Na yi addu'ata a cikin takunkumi, ina jin Alhaji Tanko a can gefe an sa shi a tsakiya ana dafa shayi. Shayinsu ba irin namu ba ne mai madara da burodi. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, baƙi ƙirin, mai ɗaci, a ɗan kofin gilashi, kuma zagaye uku ne, in ka sha na farko ba a barin ka sai ka sha na uku. Ni an ɗauke mini saboda takunkumi. Tanko kuwa, don ya wanke laifinsa a idon surukai, na ji yana cewa a ƙaro.

Ban san sanda na yi barci ba. Abin da na sani shi ne iskar ta tsaya, na buɗe ido, Malam Ibro yana zare wayar ta taga yana cewa, "Malam, a ba mu aron kayanmu." Na tashi garau, kaina wasai, kamar a ɗakina. Ya kunna lasifika ya fara kira, bai kai rabi ba ta yi ƙara ta shaƙe ta yi shiru. Na ce shi ke nan, na jawo wa kaina abin faɗa a ƙasa biyu. Sai na ga tsohon nan ya fito, ya tattare rigarsa, ya hau wani dutse da ke jikin masallacin, ya sa yatsu a kunne ya sake ɗaukowa daga farko. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, siririya, mai tafiya, har tsigar jikina ta tashi. Bayan sallah tsofaffin unguwa suka yi ta zuwa suna gaishe shi, wani ya ce rabon da ya ji kiran nan a kan dutse tun 'ya'yansa suna ƙanana. Malam Ibro sai murmushi yake yana nuna ni, wai ni za a gode wa.

Alhaji Tanko na same shi zaune a tabarmarsa, idanu jajur. Ya ce shayin nan bai bar shi ya runtsa ba, shi da 'yan Bebeji, sun ƙirga taurarin Damagaram kaf. Ya ce, "Kuma kai ka hana ni sakat. Shiru ka yi kamar ba rai. Sau uku ina zuwa ina taɓa ƙirjinka."

Da hantsi aka sayo mahaɗin soket, wuta ta dawo, na sa batirina a caji na zauna a kansa kamar kaza, ko Elhaji Lawali ne ya zo da waya sai ya haƙura.

Bayan azahar aka taru a ƙofar gidan, an kafa rumfa, an raba dabino da goro. Zafi kamar a bakin murhu. Limaminsu ya yi huɗuba wadda ta ninka ta Ƙafin Maiyaki, ni kuwa ina zaune a gaba ina jin kowace kalma, har ina lura da inda ya ja numfashi. Da lokaci ya yi na gyara zama na fuskanci Elhaji Lawali na ce, "Ni Ado, ƙanin marigayi Haruna, ina nema wa ɗanmu Nasiru auren 'yarku Hadiza."  Sau uku na nema, sau uku ya ce ya ba mu. Liman ya juyo ya ce, "Wakilin ango, ka karɓa?"

Kafin in buɗe baki, sai ga wani minshari daga bayana, mai kauri, mai tsawo, har da 'yar shaƙewa a ƙarshe. Wallahi sai da gabana ya faɗi, na taɓa hancina don in tabbatar ba ni ba ne. Na waiga. Alhaji Tanko ne, ya jingina da turken rumfa, hula ta karkace, baki a buɗe, dabino a hannu. Rumfa ta ɗauki dariya, har liman ya rufe baki da rawani. Na jira aka lafa, sannan na ɗaga murya yadda na bayan lungu zai ji ba tare da lasifika ba, na ce, "Na karɓa masa." Aka shafa fatiha. Nasiru ya zo daga baya ya durƙusa ya riƙe hannuna biyu, ya ce, "Baffa," na ɗago shi na sa masa albarka.

Dare na biyu da batirina na kwana, lafiya lau. Da za mu taho Elhaji Lawali ya ba ni wata jakar fata ja da ya ɗinka daidai girman injin, da aljihu daban na wayar mai baki biyu. Malam Ibro kuma ya ce yanzu jama'a sun matsa masa, duk Juma'a da asuba sai ya hau dutse.

Ban wuce gida kai tsaye ba, sai da na kai Doguwa. Yaya Delu tana tsakar gida tana tsince wake, labari bai riga ni isa ba don ranar ba su da sabis. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ado, faɗa mini gaskiya. An yi minshari a wurin ɗaurin auren?"

Na ce, "An yi, Yaya. Unguwa guda ta ji."

Ta saki faifan, ta dafe kai. Na bar ta ta ɗan ji jiki, sannan na ce, "Wanda kika ce ya tsaya mini ne ya yi."

Ta dube ni, ta dubi jakar fatar da ke kafaɗata, sai dariya ta ƙwace mata har ta kasa zama daidai. Can kuma dariyar ta juye, ta ja bakin mayafi ta share ido, ta ce, "Da yayanka yana nan da ya ce zuwa Kano ya yi rana." Na ce ai shi ya karɓi auren, ni bakina kawai aka ara.

Da na iso Yako na tarar da Hajara a bakin murhu. Na ajiye mata alkaki, na ajiye dogon burodin da Tanko ya manta a mota, sannan na zaro wayar mai baki biyu na ɗora a kan tabarma a gabanta. Ta kalle ta, ta ga rairayin Damagaram a jikin bakin ja, ta ci gaba da juya miyarta.

"Ɓarna ce ai, Malam," in ji ta.